Gubar da Take Zaɓen Manya

An yi wani sarki a zamanin da ya shuɗe, sunansa Jibir, wanda Allah ya mallaka wa birnin Kwalanga da ƙauyukan da ke kewaye da shi, ya kuma haɗa masa da wani tafki mai faɗi, wanda in mutum ya tsaya a wannan gaɓa ba ya hango waccan. Sarki ne mai kyauta da son a yabi kyautarsa, mai saurin fushi da jinkirin nadama. Ba azzalumi ba ne da gangan, sai dai yana cikin mutanen nan da in sun ƙudurta abu a zuci sukan ɗauka wahayi aka yi musu.

A wannan ƙasa akwai wata al'ada tun kaka da kakanni, wadda ya kamata mai karatu ya fahimce ta, don a kanta labarin ya rataya. Duk kifin da aka kama a tafkin, in tsawonsa ya wuce buɗin hannuwa biyu na mutum, ba na kasuwa ba ne, ba kuma na wanda ya kama ba ne, sunansa kifin fada. Galibi giwan ruwa ne, tsoho, wanda ya shekara da shekaru yana haɗiyar na ƙasa da shi. Sarkin Ruwa, wato shugaban masunta, shi ke kai shi fada da hannunsa, kuma ranar naɗinsa yakan rantse cewa shi da iyalinsa ba za su taɓa sa shi a baki ba. Sarki kuwa yakan raba: kai da hanta na mahaifiyarsa Mai Babban Ɗaki, tsakiya tasa, sauran a aika gidajen hakimai da manyan malamai. Da kaurin yankan ake auna darajar mutum, har an ce akwai hakimin da ya daina gaisawa da ɗan'uwansa saboda an aika wa wancan yanka mai kitse, shi kuwa aka aiko masa da kusa da wutsiya. In wani ya kwanta ciwo a gidajen manya, ko mace ta haihu, to romon wannan kifi shi ne magani na farko da na ƙarshe. Talakawa kuwa suna can da ƙananan karfasa da 'yan tarwaɗa, suna ci suna haɗiyar yawu in an wuce da na fada.

Alƙalin birnin a lokacin shi ne Malam Ɗalhatu, dattijo masanin fiƙihu, mai sanyin magana da taurin kai. Yana cikin masu samun rabo, kuma ba zan rufa masa asiri ba, yana son kifin nan so mai tsanani, har almajiransa sun san cewa ranar da aka kawo shi karatun yamma ba ya tsawo.

Shi ne ya fara lura da abin, ko da yake bai san abin da ya gani ba. Wata rana da hantsi yana shiga soron fada sai ya ga wata kyanwa tana kewaya wuri guda, yawu na dalala daga bakinta, ta faɗi, ta tashi, ta sake kewayawa, sa'an nan ta kwasa da gudu ta buga kanta da bango. Dogarai suna ta dariya, suna cewa ta sha giya. Bayan 'yan watanni babu kyanwa ko ɗaya a fada, ɓeraye suna yawo a kan shimfiɗar sarki da rana tsaka, alhali kyanwoyin cikin gari suna nan lafiyarsu ƙalau suna satar miya.

Daga kyanwoyi abin ya koma kan mutane. Yakan fara da leɓe da yatsu, su mutu kamar an danne su cikin barci. Sai hannu ya kama rawa, sai tafiya ta zama ta mashayi, sai harshe ya yi nauyi, sai gani ya ƙuntata har mutum ya zama kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu, yana ganin abin da ke gabansa, ba ya ganin wanda ke tsaye a gefensa. Ya kama Madawaki, ya kama Limamin Juma'a, ya kama matan sarki biyu. Abin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne bai taɓa shiga gidan talaka ba. Yakan tsallake bukkoki ya nufi gida mai soro, kamar an ba shi sunaye.

Aka bincika kifi, aka same shi idonsa garau, namansa tas, babu wari babu ɗaci. Bawan da ke ɗanɗana wa sarki abinci kullum ƙiba yake yi. Bokaye suka ce mutanen ruwa ne suka yi fushi, aka yanka musu baƙin bunsuru. Malamai suka yi rubutu aka sha. Kuma duk wanda ya kwanta sai a ninka masa romon kifin fada, safe da yamma, saboda ƙauna da girmamawa. Mai Babban Ɗaki, wadda ta fi kowa samun wannan gata, ta fi kowa shan wuya. Ta daina gane ɗanta, ta riƙa kallon rufin ɗaki tana wata dariya wadda babu farin ciki a cikinta, har ranar da ta cika.

Ba a gama zaman makoki ba sai raɗa ta fara yawo a fada, tana tambaya: wane ne yake kawo kifin nan da hannunsa, kuma bai taɓa cin sa ba, kuma shi da 'ya'yansa lafiyarsu lau? Amsa ɗaya ce, Sarkin Ruwa Barmo. Aka je aka kamo shi a bakin tafki yana gyaran koma, aka ɗaure, aka jefa shi kurkuku.

Sarki ya sa aka kira Alƙali Ɗalhatu. Da ya faɗi ya yi gaisuwa, sai Sarki ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na kira ka ne don ka yanke hukunci a kan wanda ya ci amanata, ya sa wa mahaifiyata sammu, ya sa wa manyan ƙasata. Na rantse ranar sadakar arba'in ta gyatuma za a ɗaura masa dutse a jefa shi cikin tafkin da ya yi sihirinsa da shi. Amma ba na so a ce Jibir ya kashe mutum ba da shari'a ba."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Allah ya jiƙan Mai Babban Ɗaki, ya sa can ta fi nan. Baƙin cikinka namu ne duka. Sai dai shari'a ba ta zubar da jini da zato, ko da zaton ya yi kama da gaskiya kamar tagwaye. Ina wanda ya gan shi yana zubawa? Ina abin da ya zuba? Rashin cin da ake tuhumarsa da shi kuwa, kakanninka ne suka ɗora masa shi da rantsuwa."

Fuskar Sarki ta sauya, amma ya danne, ya ce, "To, tun da hujja kake so, ga tambaya. Wace irin guba ce take tsallake talaka ta kama basarake, ta tsallake mai ɗanɗano ta kama mai ci, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kashe kifin da take ciki, in ba gubar da hannun mutum ke zaɓa mata wanda za ta ci ba? Ka kawo mini amsa kafin ranar arba'in. In ka kawo, Barmo ya tsira. In ba ka kawo ba, da bakinka za ka yanke masa hukunci a gaban jama'a."

Alƙali ya ce ya ji ya karɓa. Da zai tashi sai ya dafa ƙasa, ya ji tafin hannunsa bai ji sanyin daɓe ba. Ya daɗe da sanin cewa abin ya shigo jikinsa, yana dai ɓoyewa ne cikin hannun riga.

Ya fara zuwa kurkuku. Ya sami Barmo zaune a jingine da bango, ƙaton mutum baƙi mai furfura a gemu, hannuwansa a ɗaure ta gaba da igiyar rama.

Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban san komai ba. Da na sani da na faɗa, ko don 'ya'yana. Kifin nan yadda na ciro shi haka nake kai shi, ko wuƙa ba na sa masa. In an kwance mini rantsuwa, a kawo shi yanzu in cinye a gabanku."

Alƙali ya ce, "Kada ka yi gaggawar roƙon wannan, Sarkin Ruwa." Shi kansa bai san dalilin da ya sa ya faɗi haka ba.

Ya yi kwanaki yana juya littattafai bai sami komai ba, don marubutansu sun san dafin maciji da na kibiya da na tsiro, duk masu kashewa nan take, ba su san mai haƙuri irin wannan ba. Da ya gaji sai ya hau jakinsa ya nufi tafki, ba don yana sa ran wani abu ba, sai don ya ga wurin da za a jefa mutumin da zai hukunta.

Ya isa da rana tsaka. Masunta sun ƙaurace wa ruwa tun da aka kama shugabansu, kwale-kwale suna kife a kan yashi. Ruwan ya kwanta lumui, yana da kyau ƙwarai, kuma wannan kyau ne ya ba shi tsoro, don ya san tafkin nan tun yana yaro da hayaniyar tsuntsaye, yau kuwa ko kukan ɗaya babu. Can sai ya hangi wani zalɓe tsaye a bakin ruwa. Ya matsa kusa, tsuntsun bai tashi ba. Ya zo ta gefensa har ya kusa taɓa shi, bai gan shi ba. Sai da ya zagayo ta gabansa sa'an nan zalɓen ya firgita, ya buɗe fikafikai, ya yi taku biyu irin na Madawaki, ya kife cikin taɓo yana karkarwa. Ɗan nesa kaɗan kuwa ga balbelu farare suna bin shanu suna cafkar fara, lafiyarsu ƙalau.

Alƙali ya dubi zalɓen, ya dubi balbelun. Ya ce a ransa, wannan zalɓe ba hakimi ba ne, ba ya cikin rabon fada, kuma Barmo bai taɓa kai masa gaisuwa ba. Abin da ya haɗa shi da Madawaki ɗaya ne, cin kifi. Abin da ya raba shi da balbela ɗaya ne, ita ba ta ci. Ashe ba a hanyar fada ake zuba gubar ba, da ita kifin yake fitowa daga ruwa.

Da ya koma gida, matarsa Baraka ta kawo masa romo mai zafi daga ɗan abin da ya rage na rabonsu, wanda ta yi banda ta adana saboda shi. Ya dubi kwanon, ƙamshin ya bugi hancinsa, yawunsa ya tsinke, ya tura shi gefe.

Ta ce, "Haba Malam, kana gani jikinka na ƙara lalacewa, shi ne za ka ƙi maganin ma? Ko kurɓa uku ka yi, don Allah."

Ya ce, "Baraka, ki haƙa rami ki zuba shi, har da na rataye, ki binne da zurfi yadda ko kare ba zai tono ba."

Ta fashe da kuka, don a ganinta mutumin da ya ƙi romon kifin fada ya riga ya sallama da duniya. Ya so ya share mata hawaye, amma ya ji kunyar ta ga yadda hannunsa ke rawa.

Kashegari ya koma tafkin ya bi gaɓa, yana lura da inda gawar tsuntsaye ta fi yawa, har ta kai shi bakin wata ƙorama da ke gangarowa daga tsauni. A nan ruwan ya yi launin toka, babu kwaɗo, babu ciyawa. Da ya ɗaga kai sai ya ga hayaƙi a gindin tsaunin, ya kuwa san abin da ke wurin, kowa ma ya sani. Shekarun baya Sarki Jibir ya aika ƙasa mai nisa aka zo masa da gwanayen wankin zinariya, masu aiki da zaiba, wani irin ƙarfe fari mai walƙiya wanda yake gudu kamar ruwa. Tun daga lokacin taskar sarki ta cika, aka yi wa fada ado, aka yi wa maroƙa sababbin kirari, kuma babu abin da Sarki ke alfahari da shi kamar wannan dabara tasa.

Shugaban masu wankin, wani dogon mutum da ake kira Nagoma, ya tarye shi da murna, ya nuna masa aikin daki-daki. Ana daka dutse ya zama gari, a kwaɓa da ruwa cikin kasko, a zuba zaiba ta tsince zinariyar ta rungume ta, a tace cikin ƙyalle, a ƙona dunƙulen a wuta zaibar ta tashi, zinariya ta rage.

Alƙali ya ce, "Ruwan wankin fa, da abin da ya saura a kasko?"

Nagoma ya ce, "Ai ƙorama ke tafiya da shi, Allah gafarta Malam. Ruwa ba ya riƙe datti, wanke kansa yake yi." Ya yi dariya, sai Alƙali ya ga bakinsa babu haƙora sai baƙin dasashi. Ya miƙo masa ɗan dunƙulen zinariya don ya gani, hannunsa na kaɗawa. Alƙali ya miƙa nasa hannun don ya karɓa. Hannuwan biyu suka tsaya a tsakani suna rawa iri ɗaya, ba su iya haɗuwa ba.

Alƙali ya ce a hankali, "Ka taɓa cin kifin fada?"

Nagoma ya ce, "Ni? Ina ni ina kifin fada! Wannan ai rawar zaiba ce, duk wanda ya daɗe a kan wutar nan yana da ita."

A hanyar komawa Alƙali Ɗalhatu ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ba tsoron ciwo ba ne. Ya sami amsa, amma amsar tana nuna yatsa ga wanda ya yi tambayar. Zuciya ta riƙa raya masa cewa hukunta masunci abu ne mai sauƙi, gobe an manta, amma gaya wa sarki mai makoki cewa dukiyarsa ce ta kashe mahaifiyarsa, wannan sai wanda ya gaji da kansa a wuyansa. Ya saurari zuciyar har ta gama, sa'an nan ya tuna cewa in aka jefa Barmo a ruwa, za a naɗa wani Sarkin Ruwa, ya ci gaba da kawo kifi, a ci gaba da ba masu jego romo. Sai ya juya jaki ya koma bakin ƙoramar, ya cika ƙwarya da taɓo.

Ranar arba'in, bayan an raba sadaka, gari duka ya taru a bakin tafki. Aka shimfiɗa wa Sarki a kan tudu, hakimai suka zauna dama da hagu, wasu sai da aka riƙo su. Aka kawo Barmo a ɗaure, aka ajiye dutse kusa da ƙafarsa. Matansa da 'ya'yansa suna can baya, an hana su kuka da ƙarfi.

Sarki ya ce, "Allah ya gafarta Malam, amsa ko hukunci?"

Alƙali ya ce, "Amsa, Allah ya ba ka nasara, in ka ba ni aminci har in kai ƙarshenta."

Sarki ya ce, "An ba ka."

Sai ya sa aka kawo wani ƙaton giwan ruwa da ya roƙi masunta suka kamo masa da asuba, ya ce a farke cikinsa. Aka farke, aka ciro tarwaɗa sukutum. Ya ce a farke ta. Aka sami 'yan ƙananan kifaye a cikinta. Ya ce a farke ɗaya, aka sami tsutsotsi da baƙin taɓo. Sa'an nan ya sa aka juye taɓon ƙwaryarsa cikin ƙyalle aka matse a kan faifai, sai ga 'yan ƙwayoyi farare masu walƙiya suna gangarawa, suna haɗuwa, suna rabuwa, kamar masu rai. Jama'a suka ja da baya. Sarki kuwa bai tambayi ko mene ne ba, don ya fi kowa sanin zaiba.

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, daga bakin ƙoramar tsauni na ɗebo wannan. Tafkin nan ƙasa ce irin taka, yana da talakawa da masu unguwa da hakimai da sarki. Tsutsa ta ci taɓo, ta ɗauki ɗan abin da ido ba ya gani. Ƙaramin kifi ya ci tsutsotsi, ya gaji nasu duka. Tarwaɗa ta ci ƙananan kifaye, ta gaji nasu. Giwan ruwa kuwa ya shekara yana haɗiyar tarwaɗa, kuma abin nan in ya shiga nama ba ya fita, ba wuta ke fitar da shi ba, ba gishiri ba, ba hayaƙin banda ba. Yadda hatsin ƙasarka ke tasowa dami-dami daga gonar talaka har ya taru a rumbunka, haka wannan guba take tasowa har ta taru a jikin sarkin kifaye, mu kuma muka ce babu mai cin sarkin kifaye sai manyan mutane. Ta tsallake mai ɗanɗano don loma guda yake yi, ita kuwa tarawa take so. Talaka kuma ba tsallake shi ta yi ba, rabonsa ne kaɗan, kamar yadda rabonsa yake kaɗan a komai, kuma in ba a tsayar da ƙoramar nan ba tana nan zuwa gidansa. Ba hannun Barmo ne ke zaɓa mata wanda za ta ci ba. Rabon fada ne yake zaɓa."

Sarki ya daɗe yana kallon faifan nan, har Alƙali ya fara karanta kalmar shahada a zuci. Can sai Sarki ya yi magana da wata murya wadda ba ta fada ba ce.

Ya ce, "Kai da hanta nake aika mata. Da ta kwanta ni nake riƙe kwanon, tana kawar da kai ina lallashinta. Malam, ashe ni na kashe gyatuma?"

Alƙali ya ce, "Ajali na Allah ne, ranka ya daɗe, kuma abin da ka yi ka yi shi ne da ƙauna da rashin sani, Allah ba ya kama bawa da wannan. Amma yanzu ka sani. In dutsen can ya shiga ruwa da mutumin can, shi kam da saninka ne."

Sarki ya miƙe. A al'adar Kwalanga, wanda sarki ya wanke daga tuhuma, sarki ne ke kwance shi da hannunsa. Ya sauko daga tudu, ya tsaya gaban Barmo, ya kama ƙullin igiyar. Sai yatsunsa suka ƙi. Suka riƙa zamewa suna karkarwa a kan ƙullin, jama'a duka suna kallo, kuma a ranar ne aka san cewa abin ya kama Sarki shi ma. Ya juya ya dubi Alƙali. Alƙali ya fito da hannuwansa daga cikin riga ya gwada, ya kasa. Aka kira Madawaki, aka kira Galadima, aka bi manyan ƙasar ɗaya bayan ɗaya bisa darajarsu, ba a sami mai hannun da zai kwance ƙullin igiyar rama ba.

Barmo ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in ka yi mini izini."

Sarki ya gyaɗa kai. Barmo ya sa haƙori ya ja bakin igiyar, ya murɗa wuyan hannunsa sau ɗaya, ta zube a ƙasa.

Sarki ya ce, "Tun yaushe ka san za ka iya kwance ta?"

Barmo ya ce, "Tun ranar da aka ɗaura ta, ranka ya daɗe. Ɗaurin dogarai ne, ba na masunta ba. Amma kai ka sa a ɗaure ni."

Hawaye ya zubo wa Sarki Jibir a gaban talakawansa, bai share ba. A nan take ya yi umurni a rufe wankin zinariya, a datse ƙoramar, a yi wa Nagoma da mutanensa magani a ba su gonaki. Ya hana cin manyan kifayen tafkin ga babba da yaro, ya soke al'adar kifin fada, ya mayar wa Barmo rawaninsa, ya nemi gafararsa da bakinsa. Sa'an nan ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Alƙali Ɗalhatu, ya naɗa shi Waziri, ya ce daga yau kada a haƙa rami ko a zubar da wani abu a ruwa a ƙasar Kwalanga sai an shawarce shi.

Waɗanda ciwon bai yi nisa a jikinsu ba sun sami sauƙi bayan sun daina ci. Waziri Ɗalhatu kuwa hannunsa bai sake riƙe alƙalami ba har ya koma ga Ubangijinsa, da baki yake hukunci wasu na rubutawa. Tafkin ma bai warke a zamanin Jibir ba, don ruwa ya fi mutum daɗewa bai manta ba.

Ku sani, ya ku masu hankali, adalcin sarki ba ya tsayawa a kan mutanen da ke iya kawo ƙara, yana kaiwa har ga ruwa da taɓo da abin da ke rayuwa cikinsu. Duk abin da mai mulki ya zubar a ƙasan ƙasarsa yana ganin ya rabu da shi, to hawowa yake yi mataki-mataki, ba ya tsayawa sai a akushinsa, kuma sarkin da Allah ya so da rahama shi ne wanda ya sami mai gaya masa haka kafin ya ɗaura wa marar laifi dutse.